Abin da Likitan Koriya Ya Ce

Baba Tanka bai taɓa zama a aji ba, amma duk wanda ya kira shi jahili sai ya nemi kujera, don amsar tana da tsawo. Shekarun da ya yi a kan sitiyarin motar mai sun fi shekarun wasu likitoci a duniya. Tanka ta kife da shi a kan gada, ya fito ta gilashi yana karkaɗe riga. Wuta ta kama masa taya a tsakiyar daji, ya kashe ta da ƙasa da hannuwansa, ga tabon nan har gobe. An taɓa lulluɓe shi da zane a asibiti aka ce ya cika, ya yaye zanen ya nemi shayi. Mutum irin wannan in ya zauna gaban talabijin ya ce fim bai yi ba, to bai yi ba ne.

Kuma yawancinsu ba su yi ba. Finafinan yanzu duk duhu, kamar an ɗauke wa masu ɗaukar wuta. Sai ka ga mota ta fashe, wani ƙato ya juya mata baya yana tafiya a hankali, wuta na tashi har sama, shi ko waiwaye.

"Ƙarya yake!" in ji Baba, yana dukan hannun kujera. "Wutar mai ba ta san ƙasaita ba. Ni na san ta, ta san ni. Wannan ko gashin ƙeyarsa ba zai kai labari ba."

Na Koriya kuwa Auta ce ta shigo da su gidan. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana ɗinki a wani shago a bakin titi, da yamma ta dawo ta kunna. Mutanen ciki suna yarensu, rubutun Turanci yana gudu a ƙasan allo, ita kuma tana karantawa tana mayar musu da Hausa. Haka zaman yake kullum: Baba a babbar kujera, Auta a ƙasa da rimot a cinya, matarsa, wadda yake kira Innarsu, a doguwar kujera tana tsinkar zare daga bakin mayafi.

Ranar farko Baba ya riƙe baki.

"Wannan namiji ne? Fuska kamar an ɓare dafaffen ƙwai?"

"Shi ne jarumin, Baba."

"Jarumi yake kuka don an ƙi ɗaukar wayarsa? Ni da ƙafata ta juya baya ban yi hawaye ba."

"Ka yi ihu dai," in ji Innarsu. "Har maƙwabta suka fito."

"Wannan kiran taimako ne, ba kuka ba."

Ya ga uwar mai kuɗi ta watsa wa yarinya ruwa a fuska a gidan cin abinci, ya yi salati. Ya ga saurayi da budurwa sun yi ta kallon juna a ƙarƙashin lema har shiri ya yi nisa hannu bai taɓa hannu ba, ya ce wannan kam iyayensu sun yi ƙoƙari. Ya ga ba a minti biyu ba a ajiye musu abinci ba, ya ce ina suke kai shi, ga su kamar sanda. Amma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne farar babbar motar nan. Duk shirin da aka sa, sai wani ya tsaya tsakiyar kwalta yana waiwaye, sai ga ta ta taho.

"Ba oda! Ba burki! Titi fetal, rana tsaka, ka ga mutum tun daga can! Wa ya ba wannan sitiyari? A kawo min shi nan in ga idonsa. Sun ɓata mana suna har a Koriya."

Duk da haka, kafin a ankara shi ne mai leƙa ƙofa da la'asar yana cewa, "Yarinyar nan ba ta taso ba ne? Ko ɗinkin duniya aka ba ta?"

Shirin da suke kallo a lokacin na wani tsoho ne mai babban kamfani. Ciwo ya ci shi, 'ya'yansa da matarsa sun sani, sun haɗa baki da likita sun rufe shi. Wannan labari ya tsaya wa Baba a wuya, har ya kai shi shagon mai askinsa.

Yana kan kujera, an ɗaure masa ƙyalle a wuya, kumfa ta rufe haɓarsa, amma bakin bai huta ba.

"Ni abin da ya ɗaure min kai tsohon nan ne. Mutum da bene a kan bene, ma'aikata na rusuna masa kamar za su tsinci allura, amma ba shi da ido. Kowa a gidan ya san kwanansa ya ƙare, shi kaɗai yake ta zancen shekara mai zuwa."

"To Baba," in ji mai aski yana wasa reza, "ai in iyali suka so rufe ka, sai sun rufe ka."

"Su rufe wa? Ni? Ni da nake jin kukan inji daga nesa in gaya maka kusar da ta kwance? Ai alamun a fili suke. Ka ga an kwashe ka an kai asibiti an ce gwaji ne kawai, daga nan ba a sake ta da maganar ba. Ka ga ɗan da ke nesa ya faɗo gida ba sanarwa ba dalili. Ka doso ɗaki ana magana, ka sa ƙafa a yi tsit. Gishiri ya gudu daga miya. Matar da ta saba mayar maka da magana ta koma..."

Sai ya tsaya, baki a buɗe, kumfa na gangarowa.

"Ta koma me, Baba?"

Baba bai ji shi ba. Watan jiya Auta ta matsa sai da ta kai su asibiti, shi da Innarsu, wai a duba su kawai tunda girma ya zo. An ɗebi jini, an shigar da kowa cikin na'ura. Bai sake jin komai ba. Babban ɗansa, wanda aiki ya kai shi wani gari mai nisa, ya iso shekaranjiya da 'yar jaka, ya ce kewa ce ta kawo shi. Yaron da ko waya sai an roƙe shi. Miyar gidan kuwa ta daɗe da zama ruwan zafi mai launi.

"Af, na ma tuna," in ji mai aski, yana ɗaga masa haɓa. "Jiya na ga babban naka a kantin magani, shi da Auta. Na yi ta ɗaga masa hannu bai gan ni ba. Lafiya dai ko?"

"Aske ka sallame ni," in ji Baba, da wata murya da shi kansa bai san ta ba.

Bai bi ta hanyar da ya saba ba. Ya nufi gadar masu tafiya a ƙafa, wadda ya daɗe yana zagi yana tsallaka titi ta ƙasanta, ya ce bari ya gwada injin jikinsa. Kafin ya kai sama numfashi ya gagare shi. Ya dafa ƙarfe yana haki, motoci na wucewa ƙarƙashinsa, ya sa hannu a ƙirji ya ji abin yana bugawa kamar fistin injin da ya rasa mai. Innalillahi. Ashe da gaske ne. Ashe shi ne tsohon Koriya, shi da ya gama yi wa mutumin dariya a bainar jama'a.

Da ya isa gida ya cire takalmi a hankali. Daga ɗakin Auta yana jin muryarta da ta yayanta ƙasa-ƙasa. Ya yi gyaran murya. Tsit.

"Baba, ka dawo? Kai, aski ya yi kyau," in ji babban, yana murmushin da bai kai ido ba.

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa ya wuce.

A falo ya tarar da Innarsu a kishingiɗe. Sai yau ya dube ta da kyau. Wuyanta ya zurma. Awarwaron da ke cika mata hannu yanzu yana zamewa har kusan gwiwar hannu. Abincin da aka ajiye mata ko rabi ba ta taɓa ba. Tausayi ya kama shi. Baiwar Allah, tun bai tafi ba ta fara kukansa a ciki, ga shi yana cinye ta. Kuma, gaskiya ɗaya ce, a ƙarƙashin tausayin ya ɗan ji daɗi. Ba kowane namiji ne mace ke ramewa a kansa tun yana numfashi ba.

"Ki ci abinci," ya ce. "Komai ya same ni, ke ki ci abinci."

Ta ɗago ta dube shi. "Me zai same ka? Kai da ko mura tsoronka take."

Ka ji, ya ce a ransa. Har ita an koya mata.

Da yamma aka kunna shiri. Aka nuno 'yar tsohon a ofishin likita. Likita ya cire tabarau, ya nuna wani hoto baƙi mai farin tabo, ya yi ta magana, rubutu na zuwa yana wucewa, yana zuwa yana wucewa. Yarinyar ta toshe baki da hannu.

"Ya ce tsohon ya rage aiki," in ji Auta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duk wannan zubar da mutumin ya yi?"

"Haka yarensu yake, Baba. Magana da yawa, ma'ana kaɗan."

"Jiya yaron nan mai fuskar ƙwai ya buɗe baki sau ɗaya ya rufe, kika yi min jawabi har shayina ya huce. Mayar da shirin baya."

Maimakon baya sai hoton ya zabura gaba, mutane na gudu kamar an kunna musu wuta, har aka bar asibitin aka koma wurin cin abinci.

"Hannuna ne ya goce," ta ce, ba ta juyo ba. Amma Baba ya ga gefen fuskarta. Idon ya kaɗa ya yi ja.

Mutuwa ba baƙuwarsa ba ce, wannan kowa ya sani. Sun sha haɗuwa a kan hanya, kowa ya ba wani hannu ya wuce. Abin da ke cin ransa shi ne a mayar da shi yaro a gidansa, a riƙa tauna masa magana ana zaɓar wadda zai haɗiye. Ya ba su kwanaki ko za su zo da kansu. Ba wanda ya zo. Ya daina tsokacin fim. Farar mota ta zo ta kwashe wani lauya, Baba ko uffan. Ya buɗe akwati ya ciro tsohuwar hularsa ta direba, wadda ta fito tare da shi daga tankar da ta kife, ya miƙa wa babban.

"Riƙe wannan. Ka nuna wa 'ya'yanka."

Yaron ya karɓa, ya dubi hular, ya dubi uban, sai ya juya da sauri ya shige banɗaki ya saki famfo. To me ya rage kuma?

Ranar da Auta ba ta zuwa shago, da rana tsaka, duk suna falo har da babban. A cikin shirin tsohon ya tashi zai yi wa ma'aikata jawabi, ya dafe ciki ya zube a kan tebur. Baba ya fizge rimot daga cinyar Auta. Ya danna wannan murya ta ƙaru, ya danna wancan hoto ya koma shuɗi. Ya tashi ya zare wayar daga bango gaba ɗaya.

"Ku dube ni da kyau," ya ce, yana tsaye a tsakiyar falo. "Na yi muku kama da wancan? Ni za ku yi wa wasan Koriya a cikin gidana? Ban yi boko ba, amma fuska nake karantawa tun ba a haife ku ba. Na ga raɗa, na ga kantin magani, na ga miya. Me likita ya ce? Saura nawa?"

Babban ya dubi Auta, Auta ta dubi uwarsu.

"Da ku nake! Ni da aka lulluɓe na tashi, takardar likita ce za ta kayar da ni? Ku faɗa min a tsaye, in ji a tsaye."

"Baba," in ji babban a hankali, "lafiyarka ƙalau. Wallahi. Likita har mamaki ya yi, ya ce zuciyarka ta fi tasa."

"Haka aka ce wa na Koriya!"

"Baba, don Allah..." Auta ta fara, kuka ya ƙwace mata.

"Ku bar shi," in ji Innarsu.

Ta dafa hannun kujera ta tashi zaune, a hankali, tana cije leɓe. Ta gyara mayafi.

"Kai, zo ka zauna nan. Kana ta cika mana kunne."

"Ba zan zauna ba sai an..."

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Mai ciwon. Ni ce."

Baba ya dubi Auta. Ya dubi babban. Ya nemi wanda zai yi dariya, bai samu ba.

Ta miƙa hannu ta kamo nasa, mai tabon wutar, ta jawo shi. Ta ɗora shi a gefen cikinta, ƙasan haƙarƙari, ta danna. A ƙarƙashin zane ya ji wani abu mai tauri kamar dutse, abin da ba shi da wurin zama a jikin mutum. Ya fizge hannun kamar ya taɓa inji mai zafi. Ya zauna, ba a kujera ba, a ƙasa, dab da ƙafafunta.

"Ƙari ne," ta ce. "Makon nan za su yi aiki. Sun ce sai sun buɗe za su san iyakarsa. Shi ya sa wannan ya zo. Da cewa za a yi maka na tafi wurin ƙanwata."

Baba ya buɗe baki. Da maganar ta zo, ba wadda ya nema ba ce.

"Gishirin fa?"

"Ni aka hana. Kai an haɗa da kai ne don kada ka ga kwano biyu ka yi tambaya."

"Na hau gada na kasa numfashi."

"Tsufa ne, malam. Ka ɗauka kai ba ya zuwa maka?"

"Ramar nan... na ɗauka..."

"Na sani," ta ce. "Na ga yadda kake kallona kana jin kanka. Na ce a bar shi, ko ba komai ya ce in ci abinci."

Auta ta yi wata dariya cikin kuka, ta toshe baki.

"Wa ya ce a rufe ni?" Muryarsa ta dawo, amma a karye. Ya juya kan babban. "Kai ne? Kai ne mai wayon?"

"Ni ce nan," in ji Innarsu. "Su sun so su gaya maka tun ranar. Na ce wanda ya buɗe baki ban yafe ba."

"Don me? Ni baƙo ne? Shekara nawa ina..."

"Don ban so gidan ya yi shiru ba." Ta numfasa, ta jira zafin ya wuce. "Tun da aka kawo ni gidanka kake surutu. Ka dawo daga tafiya da surutu, ka kwanta jinya da surutu. In na kishingiɗa a nan kana zagin mutanen Koriya, mantawa nake da abin da ke cikina. Kwanakin nan da ka yi shiru, su ne na fi jin ciwon. Shirunka ban san shi ba, tsoronsa nake ji."

Baba ya sunkuyar da kai. Yana kallon ƙafafunta, sun kumbura, fatar tana sheƙi. A gabansa suka kumbura, a falon nan, yana zaune taku biyu daga gare su yana koya wa duniya yadda ake gane mai ciwo.

"Ba ƙanwar da za ki je wurinta," ya ce da ƙyar. "Ni zan kai ki. Ni zan zauna a ƙofar."

"Ba sa barin hayaniya a can."

"Sai su fitar da ni mu gani."

Ta ɗan murmusa, sai tari ya sarƙe ta. Ta nuna maƙogwaro. Auta ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna," in ji Baba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya nufi kicin. Ya tura ƙofar ya tsaya. Tukwane a jere, kowace da murfinta. Kwanduna, robobi, wuƙaƙe a rataye, wani ɗan tebur da gefensa ya lotsa daidai inda hannu ke dafawa. A kan taga ga kwalaben magani an tura su bayan gwangwanin sukari. Ya buɗe wannan durowa, cokula. Ya buɗe waccan, ashana da tsumma. Ya buɗe ta sama, murfin tukunya ya faɗo ya yi ta juyi a ƙasa yana ƙara.

Ya tsaya har murfin ya kwanta. Sannan ya leƙo da kai ta ƙofa.

"Innarsu," ya ce. "Ina kike ajiye kofuna?"

"Bayanka," ta ce daga falo. "Ƙasa, hannun hagu. Ka ɗauraye shi tukuna."